Zaɓen Sabon Makunnin Rimot na Injin Zuƙar Ƙura

Kafin ka sayi sabon makunnin rimot na injin da ke zuƙe ƙurar katako a wurin aikin kafinta, ka duba rubutun da ke jikin injin domin sanin ko wutar volt 120 yake amfani da ita ko ta 230, da kuma amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) nawa yake ja. A lokacin tashi, injin yakan ja wuta ninki da yawa fiye da yadda yake ja bayan ya daidaita, shi ya sa makunnin da aka ƙera don fitilu yakan ƙone ko ya maƙale a kunne, ko da adadin amfiyar da aka rubuta a jikinsa ya dace. Ka nemi wanda aka ƙera musamman don injuna.

Rimot mai siginar rediyo ya fi dacewa, tunda katako ba ya tare siginar. Ka tabbatar filogin makunnin yana da wayar ƙasa, wato wayar kariya daga jan wuta.