Yadda ake fitar da DNA daga cikin bakinka har ka gan shi da ido

Jikin duk wani abu mai rai ya ginu ne a kan manyan sinadarai iri huɗu: kabohaidiret, furotin, dangin kitse, da kuma sinadaran gado, wato DNA da RNA. A cikinsu DNA ne aka fi ɗauka sai a babban ɗakin gwaje-gwaje ake iya ganinsa. To ba haka ba ne. Idan ka san abin da ya lulluɓe shi, da kayan wanke-wanke ma za ka zaro shi.

Ka tanadi ruwa mai tsabta, gishiri, sabulun ruwa na wanke kwanuka, ƙaramin kofin gilashi, tsinke, da sifirit mai ƙarfin aƙalla kashi 70 cikin 100. Wanda ya haura kashi 90 ya fi aiki. Saka sifirit ɗin a firiza tun da wuri ya yi sanyi ƙarara, ba zai daskare ba. Yana kama wuta kuma ba a shan sa, don haka a nisanta shi da murhu da hannun yara.

Mataki na farko, ka bar awa guda ba ka ci komai ba, don kada ɓurɓushin sitaci da maiƙo su gurɓata maka aikin. Narka ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a kofin ruwa. Ɗauki kurɓi ɗaya ka kurkure baki da ƙarfi na minti guda, kana ɗan goga haƙora a jikin kumatu daga ciki, sannan ka tofar a kofin gilashin. Wannan ruwa mai duhu-duhu yana ɗauke da ƙwayoyin halittar da suka saɓule daga fatar bakinka.

Na biyu shi ne zuciyar aikin. Ɗiga sabulu ɗigo ɗaya, ka juya a hankali. Kowace ƙwayar halitta tana cikin tantani ne da aka gina da dangin kitse, cibiyarta ma da ke ɗauke da DNA tana da nata tantanin irin wannan. Sabulu kuwa bai san bambancin maiƙon kwano da na ƙwayar halitta ba, duk wargaza su yake yi. Da tantanin ya yage, abin da ke ciki sai ya zubo. Nan ne mutane suka fi ɓata aikin, domin suna kaɗawa da ƙarfi har kumfa ya tashi, daga baya ba a ganin komai. Juya kawai, ka bar shi minti 5.

Gishirin nan ma ba don ɗanɗano aka sa shi ba. Kashin bayan DNA yana da cajin lantarki mai sa silillansa su riƙa tunkuɗe juna. Sodiyom ɗin da ke cikin gishiri shi ke kashe wannan caji, sai su yarda su dunƙule wuri guda. Yana kuma taimakawa wajen sassauta furotin ɗin da DNA ke naɗe a jikinsu kamar zare a jikin ƙwarƙwaro.

Na uku, karkata kofin ka tsiyayo sifirit mai sanyin ta gefe, sannu-sannu, har ya yi shimfiɗa mai kaurin santimita 2 a saman ruwan. Kada su gauraya. DNA yana narkewa a ruwa amma ba ya narkewa a sifirit, saboda haka cikin minti 2 zuwa 3 za ka ga wani farin abu mai yauƙi yana tasowa a inda ruwayen biyu suka haɗu. Sa tsinke ka murza, zai naɗu.

Abin da ka gani ba silin DNA ɗaya ba ne. Faɗin sili guda nanomita 2 ne kacal (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), ko da yake idan aka miƙe na ƙwayar halitta ɗaya ta mutum zai kai kusan mita 2. Curin silili ne masu ɗimbin yawa, kuma ba tsantsa ba, akwai RNA da furotin a manne, har da DNA na ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a baki. Ko Friedrich Miescher, wanda ya fara ware wannan sinadari a 1869 a birnin Tubingen na Jamus daga mugunyar da ke jikin bandejin marasa lafiya, sai da ya yi fama da furotin ɗin da ke liƙe da shi.

Idan ba ka ga komai ba, yawanci ɗayan uku ne: ko kurkurar ba ta yi ƙarfi ba, ko an kaɗa har kumfa ya tashi, ko sifirit ɗin bai yi sanyi ba. Sake daga farko, ka ɗora kofin a gaban baƙar takarda don farin ya fito sosai.