Yadda Ake Tsara Darasi Ɗaya Da Zai Tafi Da Kowane Yaro

Dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, wadda aka sa wa hannu a Najeriya a watan Janairun 2019, ta wajabta wa makarantun gwamnati karɓar yara masu buƙata ta musamman. Makarantu na musamman irin ta kurame da makafi ta Tudun Maliki a Kano ba za su ɗauke su duka ba. Don haka yaron da ba ya ji sosai, da zabiyar da ba ta hango allo, suna nan cikin ajinka, malam, kuma tun kana tsara darasi ya kamata ka sa su a lissafi.

Fara da sanin yaran. Tambayi iyaye, sannan ka gwada da kanka: tsaya bayan yaro ka kira sunansa a hankali, ko ka sa shi ya karanta allo daga layin ƙarshe. Sau da yawa wanda ake ce wa daƙiƙi kunnensa ne ke zubar da ruwa, ba wanda ya kula.

Sai ka tsayar da manufa guda. A ce darasin rabi da kwata ne a aji uku. Abin da kowa zai fita da shi, shi ne ya raba abu gida biyu daidai, ya san wannan rabi ne. Masu saurin ɗauka su wuce zuwa kwata da rubuta 1/4. Ba darasi uku za ka shirya ba, ina lokacin?

A kayan aiki da wurin zama ne aikin yake. Kawo lemo, da kara, da takardar da za a ninke. Makaho ya riƙe ɓarin lemon biyu a tafin hannunsa, ya haɗa, ya raba, ya ji daidai suke. Zabiya ta zauna a gaba, nesa da hasken taga, ka rubuta mata lambobin manya-manya da baƙar maka, wato alƙalami mai kaurin rubutu, a kan kwali. Mai ƙarancin ji kuwa bakinka yake karantawa, saboda haka kada ka yi bayani kana fuskantar allo. Gama rubutun, juyo, sannan ka yi magana. Ihu ba ya taimakonsa, sai ma ya karkata maka baki ya kasa gane kalmar. Idan da kurame a unguwarku, koyi maganar hannu kaɗan a wurinsu, ko da ƙirga ce da "ka gane?"

Haɗa kowanne da abokin zama, amma a riƙa canzawa duk mako, kada yaro ɗaya ya zama ɗan jagora har ƙarshen zango.

Wajen auna fahimta, ba dole sai an rubuta ba. Wani ya ninke takarda ya nuna, wani ya faɗa da baki. Mai in'ina a ba shi lokaci, kada kai ko 'yan aji ku ƙarasa masa magana. Kafin ka bar aji, rubuta a gefen takardar darasin wanda bai kama ba da inda ya tsaya, daga nan za ka ɗora gobe.