Yadda ake bin diddigin yaron da aka yi wa gyaran murɗaɗɗiyar ƙafa

Cire simintin ƙarshe ba shi ne ƙarshen aiki ba. A tsarin da Dakta Ignacio Ponseti ya ɓullo da shi a jami'ar Iowa ta Amurka, ƙafa kan miƙe bayan siminti biyar zuwa takwas da ɗan yankan jijiyar agara, amma takan nemi komawa gidan jiya har yaro ya kai shekara 4 ko 5, wani lokaci ma fiye. Don haka a duba shi mako 2 bayan fara sa takalmi mai sanda (takalma biyu da aka haɗa da sanda don hana ƙafar komawa), sai bayan wata 3, sai duk wata 4 har shekara 3, duk wata 6 har shekara 4, daga nan duk shekara ɗaya ko biyu har ƙashinsa ya gama girma.

Ma'aunin Pirani mai alamomi 6, wanda ake auna tsananin murɗewar ƙafa da shi, na jarirai ne. Da zarar yaro ya fara tafiya, amfaninsa ya ragu ƙwarai. Sai an gan shi a tsaye.

A cire masa takalmi, a naɗe wando har gwiwa, a duba shi ta baya. Diddige ya taka ƙasa sosai, ya tsaya a miƙe. In ya karkata ciki, ƙafar ta fara komawa. Sannan a sa shi ya yi tafiya, ya je ya dawo sau uku ko huɗu, domin zuwan farko yaro na sane ana kallonsa, yakan gyara taku. A zuba ido lokacin da ya ɗaga ƙafa: idan tafin na juyawa ciki, ya sauka a kan gefen waje, tsokar gaban ƙwauri ce ta fi ƙarfin masu ja waje. Kanta a gefen ƙafa da cinyewar takalmi ta ɓangaren waje duk shaida ɗaya suke bayarwa, shi ya sa yana da kyau a ce wa uwa ta zo da silifas ɗin da yake yawo da shi kullum, ba na Sallah ba. A ƙarshe ya tsuguna. Wanda agararsa ta ɗaure ba ya iya tsuguno sai diddige ya tashi.

Yanzu a kwantar da shi, gwiwa a miƙe, a riƙe diddige, a tura tafin sama. Ana son digiri 15 ko fiye. Ƙasa da 10 alama ce agara ta fara janyewa, kuma sau da yawa ita ce alamar farko. Kuskuren da aka fi yi shi ne tura yatsu kawai: tsakiyar ƙafa ce ke lanƙwasa, mai awo ya rubuta lambar da ba gaskiya ba. A yi amfani da ma'aunin kusurwa, a rubuta na kowace ƙafa daban, don abin da ake nema shi ne bambanci tsakanin awon wannan zuwa asibiti da na zuwan baya.

Batun takalmi mai sanda kuwa, ƙa'idarsa awa 23 a rana na wata 3, sannan lokacin barci har shekara 4 zuwa 5. Barinsa ne babban dalilin komawar ƙafa. Kada a ce, "Kina sa masa takalmin?" kowa zai amsa da e. A ce, "Mama, jiya ƙarfe nawa kika sa masa, ƙarfe nawa ya cire?" A kuma duba takalmin: wanda ake sawa yakan tsufa. Tsawon sanda daidai faɗin kafaɗa, ƙafar da aka gyara a juye waje digiri 60 zuwa 70, lafiyayyar 30 zuwa 40.

Siririn ƙwauri da ɗan ƙaramin sawu a ɓangaren da aka gyara ba komawa ba ne, haka za su zauna. A faɗa wa iyaye tun da wuri. Hoton ƙashi ma ba shi ne alƙali ba, ƙafa na iya fitowa da 'yar tangarɗa a hoto alhali tana aiki lafiya lau. A tambayi yaron da kansa: yana jin ciwo? Yana buga ƙwallo har a tashi? Takalmin kasuwa na shigarsa?

In an ga komawa, a fara da sake siminti kaɗan, in ta kama a sake yanka agara. Mai juya tafi ciki kuma, bayan ya kai kusan shekara 3, likitan ƙashi kan mayar da jijiyar tsokar gaban ƙwauri zuwa tsakiyar bayan ƙafa, amma sai siminti ya fara miƙar da ita tukuna.