Darasi na 4: Aikatau da kujerarsa a jimlar Holanci

Holanci shi ne harshen mutanen Holand da arewacin Beljiyam da ƙasar Surinam ta Kudancin Amurka. Masu harshen suna kiransa Nederlands. Yau za mu fara gyara furuci, sannan mu shiga ginin jimla.

Furuci

Duk wanda ya yi karatun allo ya riga ya kusa iya harafin g, domin daga maƙogwaro yake fitowa, kamar خ ta Larabci. Haɗin oe kuwa "u" ake karanta shi, sannan d a ƙarshen kalma tana komawa "t". To ku haɗa ukun nan a kalmar goed, wato mai kyau. Harafin j "y" ne, don haka ja, wato i, "ya" ake cewa.

Mu Hausawa muna jan wasali a baki amma ba mu nunawa a rubutu. Su sukan ninka shi: man namiji ne, maan kuwa wata na sama. Sautin ui na huis, wato gida, babu irinsa a Hausa. Wannan sai an saurari malami an yi ta maimaitawa.

Ginin jimla

Nan ne ainihin aikin yake. A jimlar bayani, aikatau yana zama a kujera ta biyu, kome aka sa a gaba.

Ik drink thee. Ina shan shayi.
Vandaag drink ik thee. Yau ina shan shayi.

Kun ga da vandaag ta shigo gaba, ik ce ta ja baya, drink bai motsa ba. Harshen Bahaushe zai so ya ce "Vandaag ik drink", tunda haka tsarinmu yake. Za a gane nufinsa, amma kuskure ne, kuma gara a raba baki da shi tun yanzu.

In aikatau biyu ne, na biyun sai ya tafi can ƙarshe: Ik wil thee drinken, ina so in sha shayi. Bayan omdat, wato domin, aikatau ƙarshe yake komawa: Ik drink thee omdat ik moe ben, ina shan shayi domin na gaji.

Wajen tambayar da amsarta i ce ko a'a, aikatau ne ke buɗe jimla: Drink jij thee? Wato kana shan shayi? A lura, jij ita ce kai ko ke, kuma jij drinkt ake cewa, amma da jij ta koma baya sai t ta faɗi.

Batun de da het kuwa, ƙananan kalmomin da ake sawa a gaban suna, kada ku auna shi da namiji da mace na Hausa. Ku haddace kowane suna da nasa: de man, het huis. Jam'i duka de ne.

Aiki

1. Fara wannan jimla da morgen, wato gobe: Ik ga naar huis.
2. Mai da wannan jimla ta zama tambaya: Jij werkt hier.
3. Karanta wa na kusa da kai goed da huis da maan, sau biyar-biyar.