Yadda za ku shiga babban jirgin ruwan yawon shaƙatawa da duka dangi

In za ku tashi daga Yamai da su kaka da jikoki, ku sauka garin da jirgin ruwan zai ɗaga, kamar Marsey ta Faransa ko Barselona ta Spain, kwana ɗaya kafin ranar tafiya, don wallahi bato ba ya jiran kowa. Paspo da biza duka a hannun mutum ɗaya mai natsuwa, yaron da ya zo ba iyayenshi kuma a riƙo mishi takardar izini. Balis ana karɓe su tun bakin tasha, sai yamma su iso ɗaki, don haka maganin hawan jinin Hajiya da kayan jariri su zauna cikin ƙaramar jaka. Keken turawa na tsofaffi tun wajen sayen tikiti ake nema, abincin halal ma haka. Kuma kowa sai ya je koyon sa rigar ceto kafin jirgi ya ɗaga, har yara.