Yadda Ake Fara Dragon's Dogma 2 Ba Tare da Shan Wahala Ba

Kamfanin Capcom ya fitar da wasan bidiyo na Dragon's Dogma a 2012, ci gabansa kuwa, wato Dragon's Dogma 2, bai zo ba sai ranar 22 ga Maris, 2024. Mazaunin Jidda ko Makka da zai saye shi a PlayStation 5 ya tabbatar katin kuɗinsa da asusunsa duk na Saudiyya ne, domin katin wata ƙasa ba ya shiga.

Da farko ana zaɓar sana'a cikin huɗu: mayaƙi, maharbi, ɓarawo ko boka. A ganina mayaƙi ya fi dacewa da sabon shiga, muddin ya mayar da babban hadiminsa, wato mataimakin da ke raka shi a cikin wasan, boka, saboda boka ne mai warkar da rauni a tsakiyar fafatawa. Sauran hadimai biyun aro ake yi daga wasu 'yan wasa, kuma tunda ƙarfinsu ba ya ƙaruwa a hannun mai aro, wajibi ne a riƙa sauya su.

Kada a yi tafiyar dare sai da fitila cike da mai, domin dodanni sun fi ƙamari bayan faɗuwar rana. Iyakar lafiyar jarumi tana raguwa bayan kowane bugu, kuma barci a masauki ko a sansani ne ke mayar da ita.