Yadda ake rarraba zanen da'irar lantarki zuwa shafuka masu hawa-hawa a KiCad

Da zarar zanen da'irar lantarki ya wuce shafi ɗaya, wayoyi kan fara hawa kan juna har mai zanen da kansa ya kasa gane inda sigina ya taso da inda ya nufa. Manhajar KiCad, wadda Jean-Pierre Charras ya fara rubutawa a Faransa a shekarar 1992, tana magance wannan da tsarin hawa-hawa: babban shafi guda a sama, a cikinsa akwatuna, kowane akwati kuma ƙofa ce ta shiga wani ƙaramin shafi mai nasa fayil. Bayanin da ke tafe ya dace da KiCad 6, wanda ya fito a ƙarshen 2021, da waɗanda suka biyo bayansa.

Misalin da za mu bi shi ne allo mai rile huɗu (rile makunni ne da wutar lantarki ke kunnawa) da ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki ATmega328P ke sarrafawa. Kowane rile yana tare da tiransista BC547 ɗaya, da resista mai om 1000 a ƙafarta ta tsakiya, da dayod 1N4007 da ke kare tiransistar daga wutar da naɗin rilen ke mayarwa idan an kashe shi. Kafin ka taɓa kwamfuta, ka ɗauki takarda ka rubuta abin da zai shiga wannan sashe da abin da zai fita daga cikinsa, domin iyakar akwati ita ce ainihin aikin, sauran duk danne-danne ne. A nan abin da ke shiga sigina ɗaya ne daga ATmega328P, abin da ke fita kuma ƙafafu uku ne na makunnin rilen. Idan ka ga wayoyi goma sha biyar za su tsallaka iyakar akwati ɗaya, to akwai alamar ka yanka da'irar a inda ba gaɓa ba.

A babban shafi ka danna harafin S, ka ja murabba'i da linzami. Manhajar za ta nemi abu biyu, sunan shafi da sunan fayil, kuma mutane da yawa kan ɗauke su abu ɗaya alhali sun bambanta. Sunan shafi na wannan akwatin ne shi kaɗai, misali Rile1, shi kuwa sunan fayil, misali rile.kicad_sch, yana nuna inda zanen yake a ajiye. Ka danna akwatin sau biyu ka shiga, ka zana da'irar rile ɗaya tak, sannan a kan kowace wayar da za ta fita waje ka danna H ka ɗora mata lakabin hawa-hawa, ka zaɓa masa siffa gwargwadon aikinsa, ko mai shiga, ko mai fita, ko mai kai da kawowa. Alt tare da Backspace zai maido ka babban shafi. Daga nan ka danna akwatin da maɓallin dama, ka zaɓi umarnin da ke shigo da ƙafafu daga cikin shafin, ka jera su a gefen akwatin. Gara a shigo da su ta wannan hanya da a rubuta su da hannu, domin sunan ƙafa da na lakabi dole su zo ɗaya harafi da harafi, kuma SIG da Sig ba ɗaya ba ne a wurin manhajar.

Amfanin tsarin yana fitowa fili a lokacin zana akwati na biyu. Ka ba shi suna Rile2, amma ka rubuta masa sunan fayil ɗin nan na farko. Manhajar za ta tambaye ka ko ka yarda a haɗa shi da fayil ɗin da ke nan, sai ka amsa. Haka na uku da na huɗu. Yanzu zane ɗaya ne ke fitowa sau huɗu, kuma duk gyaran da ka yi a ɗaya ya shafi sauran ukun. Wannan riba ce ranar da ka gano ka juya dayod baibai, amma hasara ce ranar da ka so Rile3 kaɗai ya bambanta, wanda a lokacin sai ka kwafi fayil ɗin da sabon suna ka ware shi. Wajen ba kayayyaki lamba, ina ganin ya fi kyau a zaɓi tsarin da ke ninka lambar shafi da 100, ta yadda resistar shafi na 2 za ta zama R201, ta shafi na 3 kuma R301. Mai gyara da ya ga R301 a jikin allo ya san shafin da zai buɗe.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne alamomin wuta. GND, wato layin ƙasa, da +5V da ire-irensu ba su san iyakar akwati ba, duk inda suka bayyana a zanen a haɗe suke, haka ma lakabin gama-gari. Lakabi na yau da kullum, wanda ake sawa da harafin L, shi ne ke tsayawa a shafinsa, har manhajar kan liƙa masa sunan shafin a gaba, kamar /Rile1/SIG, don kada ya cuɗanya da na Rile2. Saboda haka idan kana son ɓangaren rile ya sami wutarsa dabam da ta ATmega328P, kamar yadda ake yi idan an sa na'urar raba da'ira ta haske irin PC817 a tsakani, kada ka ajiye alamar GND a ɓangarorin biyu, domin za ta haɗe abin da ka yi niyyar rabawa, kuma binciken kurakurai ba zai ce uffan ba tunda a wurinsa babu laifi. Ka shigar da wutar rilen ta ƙafar akwati mai nata suna, ko ka ba ta alamar wuta mai wani suna dabam.

Kafin ka wuce zuwa zanen allo, ka gudanar da binciken kurakurai, wato ERC, wanda zai nuna duk ƙafar akwatin da ba ta da lakabi a ciki, da duk lakabin da ba shi da ƙafa a waje. Bayan ka gyara waɗannan, ka haska layin GND da kayan haska layi, ka bi shafukan ɗaya bayan ɗaya da idonka, ka tabbatar bai kai inda ba ka aike shi ba.